Landsteiner da Drew: Wanda Ya Gane Jini da Wanda Ya Tanade Shi

Idan likita ya ce a ƙara wa majiyyaci jini, tambayoyi biyu ne ke tasowa nan take. Ta farko: jinin wa zai dace da shi? Ta biyu: ina jinin yake a yanzu? Karl Landsteiner, likita mai bincike ɗan ƙasar Ostiriya, shi ya amsa ta farko. Ta biyu kuwa mutane da yawa suka yi mata taron dangi, amma sunan da ya fi fitowa a cikinsu shi ne na Charles Richard Drew, likitan fiɗa baƙar fata ɗan Amurka. A shekarar 1940 dukansu biyu suna birnin New York, kowa na fama da jini ta fuskarsa, ɗaya dattijo mai shekara saba'in da biyu da lambar Nobel a hannu, ɗaya matashi mai talatin da shida da ya gama rubuta kundin digirinsa.

Kafin Landsteiner, ƙarin jini caca ne. A ƙara wa wani ya miƙe, a ƙara wa wani ya kama rawar ɗari, fitsarinsa ya yi baƙi, ya mutu, ba wanda ya san dalili. A 1901, a birnin Biyana, ya ɗebi jinin kansa da na abokan aikinsa, ya riƙa gauraya ƙwayoyin jinin wannan da ruwan jinin wancan. Wani haɗin ya zauna lafiya, wani ya dunƙule. Daga nan ya fitar da rukuni uku, waɗanda a yau ake kira A da B da O, kuma a 1902 abokan aikinsa biyu suka gano na huɗu, wato AB. An ba shi lambar Nobel a 1930. A 1940 shi da Alexander Wiener suka bayyana alamar Rh, wadda ita ce "fozitif" da "negatif" ɗin da muke gani a takardar gwaji. Daga baya aka gane cewa saɓanin Rh tsakanin uwa da ɗan da ke cikinta na kashe jarirai, kuma wani kaso na abin da muke kira wabi daga nan yake. Wannan ilimi ne da ba ya tsufa. Duk ledar jinin da aka rataya a duniya yau, sai da aka bi ta kansa.

Sai dai ilimin ya daɗe a ajiye bai ceci mutane da yawa ba, domin jini da zarar ya fita daga jiki sai ya daskare cikin 'yan mintuna. Dole mai bayarwa ya kwanta kusa da mai karɓa, wani lokaci har a ɗinke jijiyar wannan da ta wancan. A 1914 da 1915 ne Albert Hustin a Beljiyam, da Luis Agote a Ajantina, da Richard Lewisohn a New York suka nuna cewa sinadarin sitiret na hana daskarewar. A 1917 Oswald Robertson ya ajiye jini a kwalabe cikin ƙanƙara a fagen Yaƙin Duniya na Farko a Faransa. A 1937 Bernard Fantus ya buɗe ma'ajiyar jini a asibitin Cook County na Chicago, ya kira ta banki. Na jero waɗannan sunaye ne saboda ana yawan cewa Drew ne ya ƙirƙiro bankin jini, alhali ya tarar da shi, kuma darajarsa ba ta buƙatar a ara mata aikin wani.

Abin da ya yi ya fi wuyar bayani a jimla ɗaya, shi ya sa ake taƙaita shi ba daidai ba. An haife shi a Washington a 1904, ya yi karatun likita a Jami'ar McGill ta Kanada, ya gama a 1933. A Jami'ar Columbia, tare da John Scudder, ya bi diddigin duk abin da ke faruwa da jini idan ya kwana a kwalba: yadda jajayen ƙwayoyi ke lalacewa, yadda sinadarin fotasiyam ke tsiyayowa daga cikinsu, irin kwalbar da ta fi, sanyin da ya dace. Da wannan kundi ya zama baƙar fata na farko da jami'ar ta ba digirin dakta a kimiyyar likitanci.

Sannan a 1940 yaƙi ya ba shi jarrabawa. Jamus na ruwan bama-bamai a kan Landan, aka kafa shirin aika wa Birtaniya jini daga New York, aka naɗa Drew mai kula da ɓangaren likitanci. Cikakken jini ba zai jure tafiyar jirgin ruwa ba, don haka aka koma ga filasma, wato ruwan nan mai launin rawaya da ke rage idan an cire ƙwayoyin. A nan ne aikin mutanen biyu ya haɗu ta hanya mai ban sha'awa. Alamomin A da B da Landsteiner ya gano a jikin jajayen ƙwayoyi suke. Idan aka cire ƙwayoyin, aka gauraya filasmar mutane da yawa, ana iya ɗaura wa wanda ya ji rauni ba tare da jiran gwajin rukuni ba. Ga shi kuma tana daɗewa. Matsalarta ita ce ƙwayoyin cuta na son ta, kuma asibitocin da ke cikin shirin kowanne da yadda yake aikinsa. Drew ya ɗora su duka a kan ƙa'ida ɗaya: yadda za a ɗebi jinin, yadda za a raba shi ba tare da iska ta taɓa shi ba, da gwada kowane kaso a ɗakin gwaji guda kafin a sa shi a jirgi. Daga Agustan 1940 zuwa Janairun 1941 an ɗebi jini kusan sau 14,500, an aika da fiye da lita 5,000. A farkon 1941 ya jagoranci shirin gwaji na ƙungiyar Red Cross a New York, inda aka yi amfani da motoci masu firji suna bin masu bayarwa har inda suke. Filasma ba ta ɗaukar iskar shaƙa zuwa gaɓoɓi, kuma daga baya an gane cewa gaurayawar na yaɗa ciwon hanta, amma ta riƙe ran dubban sojoji har suka isa hannun likitan fiɗa.

Idan ma'aunin zurfin ilimi ne, Landsteiner ya rinjaya, ba gardama. Ya ga abin da ba wanda ya taɓa gani. Da Drew bai zo ba, wataƙila wani ya tsara aikin, ko da an makara an yi asarar rayuka. Amma ni irin aikin Drew ne ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne har yau bai kammala ba a wurinmu. Gwajin rukuni ba ya cin mintuna masu yawa, ƙananan ɗakunan gwaji ma suna yi. Abin da ke kashe mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, ko yaro mai sikila, ko wanda zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini, shi ne a ce wa dangi da tsakar dare su je su nemo leda biyu. A bi 'yan'uwa a waya, a gwada wannan bai dace ba, wancan yana da ciwon hanta, a ƙarshe a faɗa hannun masu sayarwa a bakin ƙofar asibiti. Ba a fafe gora ranar tafiya. Jajayen ƙwayoyi na iya kai kwana 35 zuwa 42 a sanyin digiri 2 zuwa 6, amma sai da firjin da wutarsa ba ta yankewa, da rajista, da mutanen da ke zuwa su bayar don Allah tun ba a san wa zai buƙata ba. Ranar 14 ga Yuni da duniya ta ware wa masu ba da jini ranar haihuwar Landsteiner ce, amma abin da ake roƙo a ranar, wato a cika ma'ajiya kafin buƙata, darasin Drew ne.

Akwai kuma wurin da ƙasar Drew ta yi watsi da binciken mutanen biyu gaba ɗaya. Rukunonin Landsteiner ba su san launin fata ba. Baƙin mutum mai O na iya ceton Bature mai A, ɗan'uwan Baturen mai B kuwa ya halaka shi. Duk da haka, da aka faɗaɗa shirin don sojojin Amurka a 1941, sai aka ƙi karɓar jinin baƙaƙen fata, a 1942 kuma aka yarda a karɓa amma a ware shi daban. Mutumin da ya tsara aikin, jininsa bai cancanci shiga kwalba ɗaya da na sauran ba. Drew ya fito fili ya soki wannan, yana nuna cewa ba shi da tushe a kimiyya. Ya koma Jami'ar Howard da asibitin Freedmen's a Washington, ya ba da sauran rayuwarsa ga horar da baƙaƙen likitocin fiɗa, aka kuma ba shi lambar Spingarn a 1944.

Landsteiner ya rasu a 1943 bayan bugun zuciya ya same shi a ɗakin bincikensa na cibiyar Rockefeller. Drew ya rasu ranar 1 ga Afrilun 1950, yana da shekara 45, a haɗarin mota a jihar North Carolina, kan hanyarsa ta zuwa taron likitoci a Tuskegee. Labarin da ya bazu cewa an hana shi jini saboda launinsa ba gaskiya ba ne. Likitocin da ke cikin motar tare da shi sun shaida cewa an yi masa duk abin da ya kamata, raunukan ne suka fi ƙarfin magani. A shekarar ce Red Cross ta daina ware jini bisa launin fata, jihar Louisiana kuwa sai a 1972 ta soke dokarta a kan haka.