Yadda Ikilisiya Take Neman Sabon Fasto

In kun bi ta ƙauyukan ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, ran Lahadi da hantsi, a wani wuri za ku ji ana waƙa da Hausa cikin wani ɗaki mai alamar gicciye. Mutanen nan Hausawa ne Kirista, kakannin yawancinsu kuwa Maguzawa ne. Ɗakin nan shi ake kira majami'a, jama'ar da ke taruwa ciki su ne ikilisiya, shugabansu kuma fasto. Asalin kalmar daga harshen Latin ne, ma'anarta makiyayi.

Fasto shi ke yin wa'azi da baftisma, shi ke ɗaura aure, shi ke tsayawa bakin kabari, in an yi faɗa kuma shi ke sulhu. Saboda haka in ya tsufa, ko ya rasu, ko an yi masa canji, sai abu ya tsaya cik, kamar dai unguwar da limaminta ya rasu. To, yaya ake samun wani?

Majami'u da yawa na wannan yanki na ECWA ne, wadda aka kafa a 1954. Amma bari mu duba al'adar Lutarawa, gama sun daɗe da tsai da magana a kan wannan. Sunansu ya fito daga wani malami Bajamushe, Martin Luta. A zamaninsa mutanen wani gari na Jamus, wai shi Laisnig, suka zaɓi fastonsu da kansu, ba su jira wanda ya saba naɗa musu ba. Luta ya goyi bayansu, har a 1523 ya rubuta ɗan littafi yana cewa jama'a suna da ikon kiran mai koya musu. A 1530 kuma mabiyansa suka bayyana a birnin Ogsbag cewa kada kowa ya hau wa'azi gaban jama'a sai an kira shi bisa ƙa'ida. Kun ga ke nan, jama'a suna da ta cewa, amma ba mai naɗa kansa.

Wannan ikilisiya ta iso ƙasarmu a 1913, sa'ad da wani likita mutumin Denmak, Bronnum, ya sauka Numan a bakin kogin Binuwai. Shekara 35 cur fastocinta duk Turawa ne, sai a 1948 aka keɓe 'yan ƙasa mutum 5. A 1973 Akila Todi ya zama bishof na fari ɗan ƙasa. Akwai makarantar horon fastoci a Mbamba kusa da Yola, an sa mata sunan Bronnum. A Amurka jama'a su ke kaɗa ƙuri'a a kan wanda suke so. A nan kuwa galibi shugabanni ne ke turo fasto, bayan sun ji bukatar jama'a.

Ko ta wace hanya ce, akwai shiri, shirin nan kuma shi ne mai wuya. Dattawan ikilisiya sukan zauna su ƙidaya gidajensu, su tambayi kansu irin mutumin da suke bukata. In yara sun yi yawa ba mai koya musu karatu, sai su roƙi wanda ya iya koyarwa. In tsofaffi ba su jin Turanci, lalle ne a sami mai Hausa a baki. Sa'an nan su duba gidan fasto, in rufi yana yoyo a gyara kafin damina. Sai maganar abinci. Fasto da baikon jama'a yake rayuwa, watau abin da suke bayarwa ran Lahadi. A ƙauye kuɗi ba su da yawa, don haka akan ƙara masa da damin dawa ko na gero da kaka, wani wuri har a ba shi gona. Jama'ar da ta kira mutum da iyalinsa ba ta tanadi wannan ba, ta zalunce shi.

Kafin sabon ya zo, wani dattijo ko mai bishara yakan bi da sujada. Amma Jibin Ubangiji da ɗaurin aure sai a jira faston wani gari, wani lokaci wata da watanni. A nan ne akan sami ɓaraka, wannan yana son ɗan'uwansa, wancan yana son mutumin garinsu. In dattawa ba su da haƙuri, sai ikilisiya ɗaya ta tsage biyu, maƙwabta su daina gaisawa.

Ran da fasto ya iso, matan zumunta sukan tarye shi da waƙa, a yi tuwo da yawa. Babban da ya rako shi ya tambaye shi a gaban kowa ko zai riƙe aikin da gaskiya, ya tambayi jama'a kuma ko za su karɓe shi. In duka sun amsa, sai a yi masa addu'a, a miƙa masa makullin majami'a da littafin da aka rubuta sunayen dukan waɗanda aka yi wa baftisma a wurin.