Abin da ke kashe sautin tsoffin injinan wasan bidiyo

Injinan wasan bidiyo da ake jefa wa sulalla, irin waɗanda suka fito daga Japan da wasanni kamar Street Fighter II na kamfanin Capcom a 1991, yanzu sun haura shekara 30. Da yawa daga cikinsu hoto na fita tsaf, amma sauti ya disashe, ko yana ƙugi, ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wasu masu su kan ɗauka lasifika ce ta mutu. Sau da yawa laifin na wasu ƙananan kayayyaki ne masu siffar gwangwani, wato kafasita, waɗanda masu gyara a ƙasashen da ke amfani da Faransanci ke kira kondansatar.

Aikin kafasita shi ne ta riƙe wuta na ɗan lokaci, ta daidaita ta, ta kuma tace sautin kafin ya isa amfilifaya. A cikinta akwai siririn gorar ruwa da aka naɗe da takarda mai jiƙe da wani ruwan sinadari. Ruwan nan yana bushewa da shekaru, zafi kuma na gaggauta hakan: ƙa'idar masu ƙera ta ita ce duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rabin kwananta. Kenan injin da ya zauna a shago mai rufin kwano a Maraɗi ko Garwa ba zai daɗe kamar wanda ke Turai ba.

Bushewa ma da sauƙi. Abin tsoro shi ne yoyo. A allon wasan X-Men na kamfanin Konami, na 1992, kafasitocin suna kan wani ƙaramin faifan sauti, kuma an san su da tsiyaya. Ruwan yana cin siraran hanyoyin jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsu a hankali. Idan aka bari ya cinye su, gyaran 'yan kuɗi kaɗan sai ya koma ɗinkin waya ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ma faifan ya tashi aiki. Shi ya sa a ganina kuskure ne a jira sai sauti ya mutu. Mai gyara kan gane yoyon da ƙarni irin na kifi idan ƙarfen dalma ya taɓa wurin.

Wajen canji, adadin maikirofarad na sabuwar ya zama daidai da na tsohuwar, volt ɗinta kuma daidai ko sama, kada ya yi ƙasa. Ƙafafunta biyu ba ɗaya ba ne. Layin da ke jikinta yana nuna ƙafar debewa, idan aka juya ta tana iya fashewa. A goge wurin da alkol kafin a sa dalma, a kuma canza dukkan na sashen sautin, tunda sa'annin juna ne.

A cire allon daga akwatin kafin a fara. Tsohuwar talabijin da ke ciki tana riƙe dubban volt ko bayan an cire wuta.