Yaron Aike Shi Ne Ma'aunin Mai Shago

Tirmini tana kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, kuma masu tarihi sun san ta da yaƙin 1899, inda sojan Faransa suka karya rundunar Sarki Amadu Kuran Daga kafin su shiga Birnin Damagaram. A yau shaguna da masu tebur ne ke raya bakin hanyar, da sukari da shayi da sabulu da man gyaɗa a kwalba. Mai son sanin darajar ɗan kasuwa a irin wannan gari, ya dubi yadda yake sallamar yaron aike. Yara ne ke kawo yawancin ƙananan ciniki, dala ashirin a dunƙule a hannu, saƙon uwa a ka. Yaro ba ya tayawa, ba ya duba ko madarar gwangwani ta wuce wa'adi, ba ya ƙirga canji. In awo ya cika, canji ya koma gida daidai, har da ɗan gyara, to uwargida ta yi shago. In kuwa an tauye, kafin Juma'a maganar ta zaga gidajen suna da na biki.

Wasu za su ce ai wannan ba tsari ba ne, tunda babu farashi a rubuce, babu rasit, saɓanin manyan kantunan Yamai. Akwai gaskiya a ciki, sai dai rasit amfaninsa tsakanin waɗanda ba su san juna ba ne. Mai shagon Tirmini ya san gonar kowa, shi ya sa yake ba da bashi tun faɗuwar damina har a yanke gero, abin da babu babban kantin da zai yi. Ko da aka rufe iyaka da Najeriya a 2023 kaya suka yi tsada, talaka littafin bashin mai shago ya dosa.

Inda hujjar masu suka ke da ƙarfi shi ne kan baƙo. Matafiyin da motarsa ta tsaya minti goma ba shi da dangin da za su bi masa kadi, don haka wani mai tebur kan ƙara masa kuɗi, ko ya miƙa masa alawa maimakon dala biyar ɗinsa. Ƙarancin silalla gaskiya ne, amma ba ya halatta cin haƙƙi. Masu shago, ku tanadi canji tun da safe, ku sayar wa baƙo yadda kuke sayar wa ɗan maƙwabci.