Daga Turmi Zuwa Injin Juya Katako

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar noma ce. Wanda ya bi ta Hunkuyi ko Gubuchi ko Saulawa zai ga rake da tumatir da albasa, lokacin kaka kuma zai ga barkono an shanya ja wur a bakin hanya. Allah ya albarkace mu da wannan. Amma barkono ba ya shiga miya da kansa, sai an daka shi ko an niƙa. A wannan wata muna so mu duba kayan da ake yin wannan aiki da su, da mutanen da suke yin kayan, gama akwai abin da yake neman kuɓuce mana.

Aikin Masassaƙi

Tun kaka da kakanni turmi da taɓarya su ne maniƙin gidan Bahaushe. Da su uwargida take surfe, da su take daka yaji: barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba, a haɗa da ɗan gishiri. Ba a kai amarya ɗaki ba turmi, mai jego kuwa ba ta rabuwa da yajinta. Turmi ya daɗe a duniya ƙwarai. A Littafin Ƙidaya sura 11 mun karanta cewa Isra'ilawa sukan niƙa manna a dutse, ko su daka ta a turmi, sa'an nan su dafa.

Masassaƙi yakan nemi itace mai tauri. Ƙirya ita ce gaba, domin gara ba ta cinta da sauri, ba ta kuma tsagewa da wuri. In babu ita sai a nemi maɗaci ko kaɗanya. Yakan sare gungume da gatari, ya fere bayansa da gizago, ya bar masa ƙugu da gindi, sa'an nan ya rarake cikinsa sannu a hankali. Ba ya gwaji da ma'auni, idonsa da hannunsa su ne ma'auninsa. Turmin kirki yakan kai har 'ya ta gada daga uwarta.

Yanzu fa? Injin niƙa ya shiga kowace unguwa, masassaƙa sun tsufa, 'ya'yansu da yawa sun kama acaɓa. Ƙirya kuma ta yi wuya, gama gawayinta ne maƙera suka fi so, masu sayar da gawayi ma ba su raga mata ba. Muna sara, ba mu dasawa.

Maniƙin Turawa

Turawa ma suna da nasu abin niƙa yaji, amma ƙarami ne, a bisa tebur yake zama. Katako ne dogo kamar kwalba, cikinsa a huje. Ana zuba ƙwayar baƙin masoro irin na ƙasar Indiya a ciki, a murɗa kansa, sai haƙoran ƙarfe da ke gindi su farfasa ƙwayar, garin ya zubo a kan abinci nan take. Amfaninsa shi ne ƙanshi ba ya gudu, domin ba a niƙa sai abin da za a ci.

Ga abin mamaki. Kamfanin Peugeot na Faransa, wanda ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, ya riga ya yi suna da irin wannan kaya tun kafin a san mota. Ya fito da maniƙin kofi a 1840, na masoro kuma a 1874. Ashe mai babban aiki da ƙarami ya fara.

Sai dai mu lura, wannan maniƙi na ƙwaya ne mai tauri. Zai niƙa masoronmu in ya bushe sarai, amma busasshen barkono da tattasai har yanzu turmi suka sani. Kowa ya daka rawar wani ya rasa turmin daka tasa.

Yadda Ake Juya Katako

Ba da gizago ake yin wannan maniƙi ba. Akwai inji wanda yake riƙe katako ta kai da gindi, yana juya shi da sauri, mai aiki kuwa ya ɗora kaifin ƙarfensa a kan madogari, ya matsa shi a hankali. Katako ne yake gudu, ƙarfe yana tsaye. Da irin wannan inji kafintoci a Zariya da Kano suke fitar da ƙafafun tebur da na gado masu ado. Dabarar tsohuwa ce: mutanen dā da igiya suke juya katakon, wani yana ja, wani yana fera, daga baya aka yi na takawa da ƙafa. Saboda haka rashin wutar lantarki ba zai zama hujja ba.

Da fari sai a sami katako busasshe. Masu wannan sana'a sukan ce kowane inci ɗaya na kauri yana bukatar wajen shekara guda a inuwa. Ɗanyen katako zai yi kyau ranar da aka gama, bayan wata biyu sai ya tsage ko ya karkace, kai ya ƙi juyawa. A yanka shi murabba'i, kamar inci 3 kowane gefe, tsawo inci 10. A sa alama a tsakiyar kai da gindi, a ɗaura a inji, a fere kusurwoyin har ya zama kamar taɓarya.

Daga nan a raba shi biyu, gajere domin kai, dogo domin jiki. A huda jikin daga wannan baki zuwa wancan, rami mai faɗin inci 1 ko ɗan fiye, a faɗaɗa gindi daidai da haƙoran ƙarfen da za a sa. Nan ne aikin yake. In ramin ya kauce ko kaɗan, sandar ƙarfen da ke haɗa kai da haƙora za ta riƙa cijewa. Mai gaggawa a nan yake yin hasara. Bayan haka a haɗa kai da jiki, a mayar bisa inji, a fitar da ƙugu da wuya yadda hannu zai ji daɗin riƙo, a goge da sanfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi. A shafa kakin zuma. Kada a sa fenti a ciki, kada kuma a yi amfani da katakon da aka jiƙa da maganin gara, gama abinci ne zai zauna a wurin.

Injin nan ba ya wasa. Kada a matso shi da babbar riga ko hannun riga mai lilo. A rufe ido da tabarau, a rufe hanci saboda ƙura, a tabbata katako ya ɗauru kafin a tayar.

Haƙoran ƙarfen sai an sayo, ba kuma ko'ina ake samunsu ba. Amma wanda ya iya wannan aiki ya iya abin da kasuwarmu take nema kowace rana: ƙaramin turmin yaji da 'yar taɓaryarsa, muciya, akushi, ƙotar kayan aiki, ƙafar kujera. Ba ya bukatar a kā da babbar ƙirya. Reshen mangwaro ko na maɗaci, da guntayen da kafinta yake zubarwa, sun isa.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

Iyaye da yawa a cikinmu suna ganin aikin hannu na wanda ya kāsa karatu ne. Wannan kuskure ne. Yaro yakan gama sakandare, ya zauna shekara uku yana jiran aikin ofis, hannunsa bai iya kome ba. A Markus sura 6 mutanen Nazarat da sana'ar sassaƙa suka san Ubangijinmu Yesu. A Fitowa sura 31 Allah da kansa ya cika Bezalel da Ruhunsa domin aikin ƙarfe da dutse da itace. Manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci. Wane ne mu da za mu rena abin da Allah ya girmama?

Aikin nan yana kuma gwada gaskiyar mutum. Ana iya toshe tsaga da garin katako da gam, a goge, mai saye ba zai gani ba sai ya kai gida. Mai bi ba zai yi haka ba, ko da ribarsa ta ragu.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga shawara. In akwai tsohon masassaƙi a ƙauyenku, ku aika masa da yaro lokacin hutu tun yana da ƙarfin koyarwa. Dattawan ikilisiya su duba ko za a iya haɗa hannu a tura saurayi ɗaya ko biyu wurin kafinta mai injin juya katako, su dawo su koya wa waɗansu. Zumuntar mata su saya daga hannun yaranmu in sun yi abin kirki. Kowane gida kuma ya dasa itace a wannan damina, ya kāre shi daga awaki da wuta. Ƙiryar da aka sassaƙa turmin gidanku da ita, wani ne ya bar ta ta girma. Allah ya ba mu hikima mu bar wa na baya.