Haɗa Magunguna a Kan Sankarar Babban Hanji Mai Bijire wa Magani

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dabarar da likitoci suke bi idan sankarar babban hanji ta bazu zuwa hanta ko huhu, kuma magungunan farko sun daina ci. An zaɓi kalmar "bijirewa" maimakon "ƙin ji" domin sankarar takan ji magani da farko, sannan ta juya masa baya.

2.0 Hikimar Haɗawa

Ƙwayar sankara tana da hanyoyi da dama na karɓar umurnin hayayyafa. In an toshe wata, sai ta buɗe wata. Misali, a wajen kimanin kashi 3 cikin ɗari na masu wannan ciwo akan sami gurɓacewar ƙwayar gado da ake kira KRAS G12C. Maganin sotorasib yana toshe ta, amma shi kaɗai bai cika tasiri a hanji ba, saboda ƙwayar takan farfaɗo da umurnin ta wata ƙofa mai suna EGFR. Wannan ƙofa ce panitumumab yake rufewa. A gwajin CodeBreaK 300 na 2023, haɗin biyun ya tsayar da ciwon na wata 5.6 a tsaka-tsakin lissafi, alhali maganin da aka saba bai wuce wata biyu da 'yan kwanaki ba. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a Janairun 2025.

Gwajin SUNLIGHT kuwa, mai majinyata 492, ya gama Lonsurf da bebasizumab, wanda yake hana ƙari tsiro da sababbin jijiyoyin jini. Tsawon rai ya tashi daga wata 7.5 zuwa 10.8. Mai karatu zai ce wata uku ai ba wani abu ba ne. A ganina majinyaci da iyalinsa ne suka cancanci yanke wannan hukunci. Sai dai haɗin yakan rage fararen ƙwayoyin jini, kamar yadda panitumumab yake fesar da ƙuraje.

3.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Magungunan da suke zaburar da garkuwar jiki suna aiki ne ga kimanin kashi 5 cikin ɗari na waɗanda ciwon ya bazu a jikinsu. Don sauran ne aka shiga gwada botensilimab tare da balstilimab, kuma sakamakon farko ya fi kyau ga waɗanda ciwon bai kama hantarsu ba.