Yadda Ake Gane Tsohuwar Motar Tasha ta Amurka

A ƙasar Amurka an daɗe ana ƙera wata irin mota mai dogon jiki, wadda rufinta ya miƙe har baya, tana kuma da ƙofa a bayanta don shigar da kaya. Sunanta siteshin wagon, watau motar tasha, domin tun asali aikinta ɗauko fasinjoji da akwatunansu daga tashar jirgin ƙasa. Na farkonsu da katako aka yi jikinsu.

Yanzu tsofaffin motocin nan sun yi daraja. Amma fa sai a ga biyu sun yi kama ƙwarai, alhali kuwa kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Wanda bai iya bambanta su ba, ya kan sayi ƙaramar da kuɗin babbar.

Kowace mota tana da sunan kamfanin da ya ƙera ta, da nata sunan, da kuma darajarta cikin 'yan'uwanta. A shekarar 1952 kamfanin Ford ya fito da iri uku. Ranch Wagon ita ce mai araha, ƙofofinta biyu ne a gefe. Country Sedan tana da huɗu, jikinta fenti ne kawai. Country Squire kuwa ita ce babbarsu. Jikinta ƙarfe ne, amma an yi wa gefenta ado mai kama da katako, don tunawa da na dā. An yi ta ƙera mota mai wannan suna har 1991.

Ta kamfanin Buick ta fi sauƙin ganewa, ko yaro ɗan aji ɗaya ya iya. Daga 1949 zuwa 1953, in aka ƙirga ƙananan ramukan ado da ke gefenta, gaba da ƙofa, aka sami uku, to, Super ce. In huɗu ne, Roadmaster ce, wadda ta fi tsada.

Duk da haka ado ya kan ruɗi ido, gama mai wayo yana iya cire tambarin wata mota ya liƙa wa wata. Saboda haka masu lura su kan nemi ɗan farantin ƙarfe da kamfani ya kafa, a wasu motoci kusa da ƙofar direba, a wasu ƙarƙashin murfin inji. Lambobin da aka buga a kansa su ke nuna irin jikin motar tun ran da ta fito daga masana'anta.