Awo Na Uwa Ne, Beli Na Uba: Yadda Muke Sakin Yara a Zangon Akra

A yankin Mamobi da ke Akra akwai gidajen gwamnati biyu da ke karɓar yara. Ɗaya shi ne Babban Asibitin Mamobi, inda mata ke kama layi tun da sassafe, goye da jarirai, domin awo da allura. Ɗayan kuwa gidan gyaran halin samari ne da ke gefen Roman Ridge, wanda har yau tsofaffi ke kira Bostal, a ƙarƙashin hukumar gidajen yari ta Ghana. Can kotu ke tura yaron da ya yi laifi alhali shekarunsa ba su kai na kurkukun manya ba. A dokar Ghana, daga shekara 12 ake iya tuhumar yaro da laifi. Wato tazarar da ke tsakanin ranar da aka fara ɗora shi a sikeli da ranar da zai iya tsayawa gaban alƙali ba ta da wani tsawo.

Wanda ya san Nima da Mamobi da Zangon Madina ya san wani abu game da waɗannan wurare biyu. A layin awo, da wuya ka ga namiji. A ƙofar ofishin 'yan sanda kuwa, ranar da aka kama yaro, nan za ka ga uba ya sha babbar riga, ya taho da kawu da mai unguwa, ana neman beli. Mun raba aikin kamar da yarjejeniya: lafiyar yaro ta mace ce, uba sai abu ya ɓaci ake kiransa. A ganina wannan rabon shi ne tushen matsalolin biyu, domin rigakafin cuta da rigakafin lalacewa duk aikin kulawa ne na yau da gobe, a lokacin da ba abin da ya faru tukuna.

Bari mu fara da littafin awo. Tun shekarar 2018 hukumar lafiya ta Ghana ta haɗa katin awon ciki da na yaro suka zama littafi guda, wanda ke bin uwa da ɗanta har ya kai shekara 5. Da an haifi jariri ana yi masa allurar tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan inna. A mako na 6 da na 10 da na 14 sai a yi masa allurar nan mai kare cututtuka biyar, cikinsu har da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon hanta, a haɗa da ta ciwon huhu da ta gudawa. Waɗannan biyun na ƙarshe a 2012 Ghana ta shigo da su lokaci guda. A wata na 9 akwai ta ƙyanda da ta shawara. Daga wata 6 kuma ana ba shi sinadarin bitamin A duk bayan wata shida.

Har zuwa nan matan Zango ba su da laifi, suna ƙoƙari. Inda igiyar ke tsinkewa shi ne bayan wata 9. Yaro ya fara tafiya, uwa ta koma kan sana'arta ta koko da ƙosai ko wake da shinkafa, ko kuma wani cikin ya shiga, sai a ce ai ya gama allura. Bai gama ba. A wata na 18 akwai allurar ƙyanda ta biyu da ta sanƙarau. Dalilin ta biyun kuwa shi ne, a cikin yara ɗari da aka yi wa ta farko a wata 9, kusan 15 jikinsu ba ya kama kariyar sosai. Ta biyu ce ke tsamo su. Ƙyanda na cikin cututtukan da suka fi kowace saurin yaɗuwa, shi ya sa masana ke cewa sai an yi wa kusan kashi 95 cikin ɗari na yara kafin unguwa ta tsira. Ka auna wannan da gidan haya na Nima, mai ɗaki goma sha, tsakar gida ɗaya, yara na cin abinci a kwano ɗaya. A farkon 2023, da alluran yara suka yi ƙaranci a ƙasar, ƙyanda ba ta ɓata lokaci ba ta ɓulla a arewacin Ghana.

Mu 'yan Zango muna da wani ƙarin dalili: mutanen tafiya ne mu. Biki a Kano, ta'aziyya a Yamai, fatauci a Lome. Lokacin da aka dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003 saboda jita-jitar cewa tana hana haihuwa, cutar ta bi hanya ta shiga ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, Ghana na ciki. Sai a watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ma, akasarin yaran da ta kama ba su sami cikakkiyar allura ba. Duk wanda zai kai yaransa ganin dangi, ya duba littafin nan kafin ya sayi tikitin mota.

Akwai sikila kuma. Kusan jarirai 2 cikin kowane ɗari da ake haifa a Ghana da ita suke zuwa duniya, kuma tun 1995 marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin jarirai a Kumasi domin a gano ta tun kafin ta fara kayar da yaro. Amma gwajin da ya fi sauƙi shi ne na saurayi da budurwa kafin a kai goro. Waliyyin da ya tambayi asalin ango da sana'arsa, bai tambayi takardar gwajin jini ba, bai gama bincike ba. Haka allurar kariya daga sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a faɗin ƙasar a 2025: a gidaje da yawa, amincewar uba ce ke yanke ko za a yi ko ba za a yi ba, to ya kamata ya je ya ji bayani daga bakin ma'aikatan lafiya, ba daga saƙon murya na WhatsApp ba.

Maganar kuɗi ba za ta zama uzuri a nan ba. Alluran yara kyauta ne, kuma a tsarin inshorar lafiya na ƙasa da aka kafa a 2003, yaron da bai kai 18 ba ba ya biyan kuɗin shekara irin na manya. Ana sabunta katin ta waya da lambar *929#. Abin da awo ke ci shi ne safiya guda.

Yanzu ga inda abin ya fi zafi. A watan Janairun 2022 duniya ta kalli bidiyon gungun samari biyu suna fafatawa da adduna da bindigogi da rana tsaka a titin Nima da Mamobi. Kowa ya yi tir, malamai suka yi wa'azi, 'yan sanda suka yi kame. Amma waɗannan samarin ba daga sama suka faɗo ba. Kowanensu an yi masa suna a wani gida, an yanka rago, an raba goro.

Yaya yaro ke ficewa daga hannu? Sau da yawa daga ɗaki abin ke farawa. Magidanci na da ɗaki ɗaya, ko ciki da falo, da mata da 'ya'ya biyar. Da namiji ya kai shekara 12 ko 13, kunya da al'ada sun hana shi kwana tare da iyaye da 'yan'uwa mata, sai a ce ya nemi wurin kwana wajen abokai. Daga wannan daren, ba wanda ya san ƙarfe nawa ya kwanta, ko da wa. Gidansa na gaskiya ya koma bes, wato majalisar samari ta bakin lungu, inda ake dafa ataya ana musun ƙwallo har asuba. Bes ba mugun abu ba ne a kan kansa. Akwai waɗanda ke haɗa kuɗi su kai mara lafiya asibiti, su share kwata, su yi aikin gayya ranar jana'iza. Sai dai kowace bes tana da babba, kuma wannan babban shi ne ya zama uban yaron a aikace. Idan tela ne ko makanike, an dace. Idan ɗan sakawa ne mai damfara ta intanet, ko mai kai yara bangar siyasa, to shi ke nan an sami sabon almajiri.

Sai ƙwaya. Wajen 2017 da 2018 tiramol ya zama abin magana a duk Ghana. Wanda hukuma ta amince a sayar da takardar likita mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, amma wanda ke yawo a lungu ya kai 225 har 250. Da aka matsa wa tiramol, sai wata jar ƙwaya ta maye gurbinsa. Binciken da BBC ta fitar a watan Fabrairun 2025 ya nuna wani kamfani a Mumbai ta Indiya na haɗa magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, haɗin da ba ƙasar da ta amince da shi, yana turowa Ghana da Najeriya da Kodebuwa. A Tamale har mutanen gari suka kafa rundunar sa-kai suna farautar masu sayarwa. Yaro ba ya farawa don iskanci kawai. Mai ɗaukar kaya a kasuwar Madina ko ɗan acaɓa zai ce maka don ya ji ƙarfin aiki yake sha, wani a jefa masa a lemon ƙara kuzari. Daga baya jiki ya saba, idan bai sha ba sai zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci. Idan shan ya yi yawa kuma yana jawo farfaɗiya, yana iya tsayar da numfashi.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne ga mai kallo. Gyangyaɗi da rana, yawan susa, ramewa, fushi ba dalili, kuɗi ko waya na ɓacewa a gida, ko akasin haka, yaron da ba ya aikin komai ya shigo da waya mai tsada. Wannan na ƙarshen shi ne jarrabawar iyaye. Uwar da ta karɓi kuɗin cefane daga ɗan shekara 16 ba ta tambayi inda ya samo ba, da uban da ya sa albarka ya soke a aljihu, sun riga sun sa hannu. Na san talauci na rufe baki, haya a Akra ba wasa ba ce. Amma gidan da ya ci kuɗin, ba shi da bakin cewa bai sani ba ranar da motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofa.

Idan abin ya bayyana, hanyoyinmu sanannu ne: duka, ko tsinuwa, ko a tura shi ƙauye ko wata makarantar allo mai nisa, mace kuma a yi maza a aurar da ita. Duka na koya wa yaro ɓoyewa ne. Tsinuwa na yanke igiyar ƙarshe da ta rage tsakaninsa da gida. Turawa nesa kuwa, idan ba wani tsayayyen mutum zai riƙe shi ba, kawar da abin kunya ne daga idon maƙwabta. Aurar da yarinyar da ba ta kai 18 ba laifi ne a Dokar Yara ta 1998, dokar da ta ɗora wa iyaye kare yaro daga sakaci da ba shi kyakkyawar tarbiyya, ta kuma hana kowa tauye masa ilimi da allurar rigakafi da magani. Lura da cewa dokar ba ta ce uwa kaɗai ba. Uban da ya saki matarsa ya saki 'ya'yan tare da ita, ana iya kai shi Sashen Jin Daɗin Jama'a ko kotun iyali a kan ciyarwa.

Shaye-shaye idan ya kama jiki ciwo ne, yana da magani. Asibitin Pantang, wanda ba shi da nisa da Madina, yana da sashen masu fama da shaye-shaye, haka asibitin ƙwaƙwalwa na Akra. Mutanenmu na gudun sunan Pantang kada a ce ɗansu ya haukace, sai su yi ta rufa-rufa har abin da ake gudu ya faru a bainar jama'a. Addu'a da rubutun sha ba su hana ganin likita ba, kamar yadda ba wanda ke ƙin ɗaurin karaya don yana addu'a.

Lokacin da ya fi hatsari shi ne watannin da ke tsakanin gama jarrabawar ƙaramar sakandare da shiga babba. Tun 2017 babbar sakandare kyauta ce, amma yaron da ya yi watanni yana zaman bes yana ɗanɗana kuɗin caca ta waya, da wuya ya yarda ya koma aji. Wannan ne lokacin da uba zai kama hannunsa ya kai shi wajen mai gyaran mota ko tela ko mai walda, ya kuma riƙa leƙawa. Idan dole ne yaro ya kwana a waje, to uba ya san ɗakin, ya san mai ɗakin, ya riƙa zuwa ba tare da sanarwa ba. Ya san sunan bes ɗin ɗansa da babbanta, ya zauna ya sha ataya da su ko sau ɗaya ne. Samari na jin nauyin dattijon da ya san sunayensu.

Ga limamai da sarakunan Zango, daga Nima har Madina, ina da roƙo. Ba taron da ke tara maza da asuba kamar suna. Kafin a shafa fatiha, liman ya tambayi uban jariri a gaban jama'a ko an yi allurar farko, ya kuma tuna masa da ta wata 18. A ɗaurin aure a tambayi takardar gwajin sikila kamar yadda ake tambayar sadaki. Kai kuma maigida, yau idan ka dawo daga sallar isha'i, ka ce a miƙo maka littafin awon autanka ka duba shafin allura da idonka, sannan ka tambayi inda babban yayansa zai kwana.